Ɓaunan da Loretta Ta Gani

A kwana na tara suka iso inda kogin Missouri na Amurka ke zubowa daga kan dutse. Loretta ta kashe motar, ta zagayo ta kama hannun mijinta, Arvid.

Shekara talatin Arvid ya yi yana koya wa 'yan makaranta labarin matafiyan da suka bi kogin nan da kwalekwale a hanyarsu ta zuwa teku, amma bai taɓa taka hanyar ba. Da likita ya ce ɗan hasken da ya rage a idonsa ba zai kai hunturu ba, sai Loretta ta zuba kofi a gora, ta ɗauki makullin mota. Tun daga jihar Nebraska ita ke tuƙi, ita ce kuma idonsa. Ta ba shi labarin ciyawa mai kaiwa ƙugu har ƙarshen sama, da garken ɓauna da ya rufe tudu.

Yanzu ga su a bakin shinge. A gabanta katangar siminti ce ta madatsar ruwa, da ɗan ruwa yana tsiyaya a kan duwatsu.

"Arvid, ka ga ruwa!" in ji ta. "Fari fat, sai kumfa..."

Ya ɗaga hannu, ya karkata kunne.

"Matafiyan nan sun rubuta cewa tun daga nesa suka ji rurinsa. Ni famfon kicin ɗinmu ma ya fi wannan ƙara." Ya juyo. "Tsohuwa, tun yaushe kike min ƙarya?"

Ta kawar da kai.

"Tun Dakota."

"Ɓaunan nan dubu fa?"

"Shanu ne. Guda tara."

"Ciyawar?"

"Gonar masara. Da tiraktoci."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ta ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, har da riƙe shinge. Ita ce ta fashe da kukan.

"Shekara talatin kana jira, Malam. Ya zan ce maka masara ce?"

Ya lalubo fuskarta, ya share mata hawaye da babban yatsa.

"Na girma a gonar masara, ai na san ƙamshinta. Daɗin muryarki nake ji. Amma daga nan har teku, abin da ke akwai za ki faɗa min."

Ta fyace hanci, ta duba.

"Siminti. Wayoyin lantarki. Wani mai ƙaton ciki yana cin burodi."

"Yawwa."

Sai inuwa ta gifta. Manyan tsuntsayen ruwa ne, kwasakwasa, farare tas, sun fi hamsin, suka yi kewaye a kan kogin, suka sauka ɗaya bayan ɗaya ba ko ƙara.

"Arvid! Kwasakwasa! Sun cika ruwan!"

"Loretta."

"Na rantse da Allah!"

Ya yi murmushi, ya ɗan bubbuga bayan hannunta.

"To, na ji. Muje mu nemi abinci."

Ta ja shi zuwa mota a hankali, tana ta waiwaye.