Wuyan Malam Kalilu

"Ba nan ba, Inna. Ƙara sama kaɗan, inda ƙeya ta ƙare."

Inna Maiturare ta matsar da yatsunta. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a wajen kan gado, kan mijinta yana cikin tafukanta. Ni ina bakin ƙofa a kan tabarma, hannuwana cikin hijabi.

"Me kika ji?"

"Na ji wuya."

"Da tauri ko da laushi?"

"Wuya dai, Siddiƙa. Irin na mutane."

Malam Kalilu ya fara dariya, dariyar ta soke shi, ya bari.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Shekara talatin yana limancin masallacin unguwarmu, shi ya raɗa mini suna. Na yi shekara biyar a Iskandariyya ina koyon aikin da a nan ake kira gashin ƙashi. Na dawo Daura shekara biyu bayan an ƙaddamar da Shari'a, takardata a akwati, ina jiran a kira ni aiki. Ba a kira ba.

Ciwon ya fara masa bayan ɗaukewar ruwa. Wata rana ya zo sallame sallar azahar, wuyan ya ƙi zuwa dama. Ya juya da kafaɗa gaba ɗaya, kamar mai ɗauke da tulu. Daga nan kan ya riƙa karkata hagu, kullum kaɗan, har ya bar limancin ga na'ibinsa ya kwanta. Wanzami ya yi masa ƙaho, tabo shida a jere. A asibiti an ba shi ƙwayoyi. Ɗansa Sama'ila, mai sayar da shanu a Mai'adua, ya ɗauko mota zai kai shi Katsina inda akwai namiji mai irin aikina. Ba su kai mararrabar Dutsi ba suka juyo. Kowane rami a hanya sai Malam ya yi ƙara, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a kabbara.

Ranar da na fara shiga na ce, "Baba, bari in duba."

Na riga na nannaɗe hannun riga. Bai gan ni ba, don fuskarsa tana bango, amma ya ji takuna.

"Tsaya nan, 'yar Masar."

Na tsaya.

"Ni na zauna bayan la'asar da lasifika a bakina na ce mace ba ta taɓa namijin da ba muharraminta ba, namiji ma haka. Ba sau ɗaya ba. Matan unguwar nan sun bar zuwa wurin mai kemis a yi musu allura saboda bakina. Akwai wadda ta sha wahala."

"Akwai babin larura a littafi, Baba."

"Akwai. Ban karanta musu shi ba. Ba zan fara buɗe shi a kaina ba."

Na sauke hannun riga.

Shi ya sa muka koma ga hannun Inna. A ɗakinta na zaunar da ita na danna mata naman da ya taso daga kafaɗa zuwa bayan kunne, don ta ji ƙarfin da nake nufi. Sannan na ba ta nawa wuyan.

"Wayyo! Inna, tuwo kike tuƙawa?"

"Shekara arba'in ina daka, yau za ki ce in yi hannun 'yan makaranta?"

"Kamar kina taɓa tumatir a kasuwa."

"Wanda zan saya ko wanda ba zan saya ba?"

"Wanda mai shi yake kallon ki."

Ta gane daga nan.

Abu uku na koya mata. Na farko, tsumma a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora har naman ya yi laushi. Na biyu, ta sa yatsu a ƙarƙashin ƙeya, ta bar nauyin kan ya zauna a kansu, ta ja shi wajenta kaɗan, jan da ido ba ya gani, ta jira. Jiran ne ya fi ba ta wahala. Na uku, ta ɗora tafi a kuncinsa na hagu, shi ya tura a hankali ita ta tare, sannan ya saki numfashi, ita kuma ta bi da kan zuwa dama iyakar inda ya yarda. A makaranta ƙirga biyar muke yi. Malam ya ce ba zai ɓata numfashi a kan ɗaya, biyu ba. Subhanallahi biyar muka mayar da shi.

Na kafa musu doka ɗaya: ba murɗawa. Sama'ila ya ce akwai wani a kasuwar Mai'adua da yake kama kai ya juya, ka ji ƙas, shi ke nan. Na ce ranar da mutumin ya shigo gidan nan, ni na fita. Bai kawo shi ba.

Gadon yana kwance kudu da arewa, kai a kudu. Ƙofa tana gabas, a damansa. Shi kuwa yamma yake kallo, bangon ƙasa da ƙusa guda da aka rataye carbi. Masu dubiya suna shigowa ta bayan idonsa, su gaisa da kunnensa, su fita.

"Sannu, Malam. Wuya ba ta kisa."

"Waccan mace ce," in ji shi. "Nawa wuyan namiji ne."

Na'ibinsa ya ce a juya gadon mana, kai ya koma arewa, ya riƙa ganin mutane.

"Gado ana juya shi," Malam ya ce. "Kabari fa?"

A ranar na san abin da yake damun sa. Ba zafin ba ne. Za a kwantar da shi a gefen dama, a fuskantar da shi alƙibla, kamar yadda ya yi wa mutane da hannunsa ba adadi. Da wuyan nan, jikinsa zai kalli gabas, fuskarsa ta kalli wani wuri.

Rufin ɗakin na azara ne, guda bakwai daga bangon yamma zuwa na gabas, ta huɗu a saitin hancin mai kwance. Da su muke awo.

"Baba, me kake gani?"

"Ƙusa."

Bayan mako guda ya ce, "Azara ta fari. Akwai gidan zanzaro a jikinta, Maiturare, shekara nawa ba ki share ba?"

"Da ka ɗaga kai da ka gani tuntuni. Tura, Malam, ka bar surutu."

A mako na uku ya kai ta uku. Ranar ya ci tuwo da kansa, ya sa aka kira na'ibi ya gyara masa wata ƙira'a da ya ji ta lasifika. Inna ta aiko mini da turaren wuta a ƙunshi. Na karɓa. Ban ce mata komai ba game da abin da nake gani daga bakin ƙofa: zoben azurfarsa ya fara yawo a yatsa.

Da zafi ya shigo, cokali ya faɗi daga hannunsa na dama. Ya ce santsi ne. Washegari ya sake faɗuwa. Zazzaɓi ya riƙa zuwa da yamma. Azara ta uku ta tafi, ta biyu ta bi ta.

Na tare Sama'ila a zaure.

"Yaya Sama'ila, wannan ya wuce ciwon wuya. Akwai abin da yake cin sa daga ciki. Sai an ɗauki hoto."

"A ina?"

"Katsina."

"Kin ga abin da hanya ta yi masa."

"Na gani."

"To me za a yi?"

Ya tsaya yana jira. Shekara biyar na yi a ƙasar mutane, ba ni da abin da zan ba shi. Ya sa takalmi ya fita.

Muka ci gaba, safe da la'asar. Ba don azara ba kuma. In Inna ta riƙe ƙeyar ta ja kaɗan, zafin da yake sauka hannunsa yana lafawa, har ya samu barci. Wani lokaci takan yi awa guda a haka, ƙafafunta su mutu, ba ta motsa.

Wata ranar Talata da hantsi Inna ta shiga madafa ɗora ruwa. Ina zaune a wurina. Naman wuyansa ya ɗaure gaba ɗaya, na gan shi ya taso kamar igiya daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji. Malam ya kama zanen gado. Ban san na tashi ba sai da na ga hannuna a saman kansa, tazarar yatsa biyu. Ina jin zafin fatarsa.

"Siddiƙa."

"Na'am, Baba."

"Na ga inuwarki a bango."

Na tsaya a haka.

"Koma."

Na koma. Na ƙwala wa Inna kira, ta zo da gudu hannunta jiƙe, ta zauna ta riƙe. Sai da ya yi subhanallahi ta fi ashirin kafin igiyar ta kwanta.

Da numfashinsa ya daidaita ya ce, "'Yar Masar, zan tambaye ki, kada ki yi mini irin ta likitoci. Abin da ya riƙe ni, nama ne ko ƙashi?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba."

"Sai na taɓa zan sani. Ido ba ya faɗa."

Inna ta ɗago ta dube ni, ta dube shi. Na ga ta buɗe baki za ta roƙe shi, ta rufe.

"To bar shi," ya ce. "Faɗa mini bambancin."

"In nama ne, yana sakewa in rai ya fita. Na ɗan lokaci, kafin jiki ya sandare. A lokacin kai yana zuwa duk inda aka kai shi."

"Kin gani da idonki?"

"Na gani."

"In ƙashi ne fa?"

"Yana nan yadda yake."

"Madalla. Kin yi magana. Maiturare."

"Ina jin ka."

"In na cika, kafin ki yi kuka, kafin maza su shigo, ki gwada. Yadda yarinyar nan ta koya miki. In ya zo, alhamdu lillahi. In bai zo ba, kada ki bari kowa ya murɗa."

"Wace irin magana ce wannan da hantsi?"

"Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ce wace irin magana ce!"

"Maiturare."

Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa nasa.

"Na ji."

Ya ƙara kwana goma sha ɗaya. A na ƙarshen ba ya ganin ko azara ta fari. Ina shiga in zauna in fita. Babu abin da zan gyara wa Inna kuma, hannunta ya fi bakina sani. Wani lokaci takan ce, "Yau nan ya fi tauri," ta nuna da haɓa, in ce to.

Ranar Asabar ina wanki a tsakar gida, rana ta ɗan ɗaga. Na ji muryarta ta saman katanga, ƙasa-ƙasa, kamar mai neman aron gishiri.

"Siddiƙa. Zo."

Na zo da kumfa a hannu. Gidan shiru. Sama'ila ya fita nemo ƙanƙara. Kaji suna tono a gindin randa.

Ta riga ta rufe masa ido. Ta ja zane zuwa ƙirjinsa. Fuskarsa tana bango.

"Yanzun nan," ta ce. "Ya yi kalmar shahada."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta jawo kujerarta ta zauna. Ta goge tafukanta a zani.

"In ya ƙi fa?"

"Sai mu bar shi. Haka ya ce."

Ta zura yatsu a ƙarƙashin ƙeyarsa, daidai wurin, ba ta lalube ba. Ta bar nauyin ya zauna. Ta ja kaɗan. Ta jira. Sannan ta zare hannu ɗaya ta ɗora a kuncinsa na hagu, leɓɓanta suna motsi. Na ƙirga tare da ita. Subhanallahi biyar, ba mai turawa.

Ta bi da kan.

Ya bar ƙusa. Ya wuce azara ta fari da gidan zanzaronta, ta biyu, ta uku. A ta huɗu ta dakata, don ba ta taɓa kaiwa nan ba, ta dube ni. Na gyaɗa kai. Ta ci gaba a hankali, ta biyar, ta shida, har kuncinsa na dama ya kwanta a kan matashi.

Wata biyar ban ga fuskarsa gaba ɗaya ba. Ta rame. Gefen hagu akwai sawun ɗinkin matashi daga ido zuwa gemu.

Inna ba ta yi kuka ba tukuna. Hannunta ɗaya yana ƙarƙashin ƙeyar, ɗayan yana gyara masa gemu.

"Nama ne," ta ce, ba da ni take ba. "Malam, nama ne."

A waje na ji babur ya tsaya, na ji Sama'ila yana sallama a zaure. Sai na lura inuwata ta faɗa a kan gadon, ta rufe shi daga ƙirji zuwa goshi. A bakin ƙofa nake tsaye, tsakaninsa da gabas.

Na matsa gefe. Rana ta shiga ta sauka a fuskarsa.