Furen da Na Tsallake

Shekara arba'in da ɗaya ina neman cuta a gonar gidanmu, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa dawo mana da albasar furen tulif an ce ta zo da ciwo ba. Ku tambayi kowa a ƙauyenmu wace ce Neeltje. Da Afrilu ya kama furanni suka buɗe, za ku gan ni cikin kunyoyi da takalmin roba da baƙar laima, ina yi wa fure inuwa, don hasken rana na ɓoye tabo. Wanda na ga jansa ya tsage, rawaya ta ratsa shi, sai in tumɓuke shi har albasarsa in jefa a buhu. 'Yan birni su ne masu cewa irin wannan ya fi kyau. Mu mun san ciwo ne, in aka bar shi ƙwari za su kwasa su raba wa gona kaf.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne idona ya fara tafiya. Na hagu ne ya soma, daga baya na dama ya bi sahu. Likita ya ce tabarau ba zai yi komai ba, tsakiyar ganin ne ke mutuwa. Na ce masa na gode, na hau kekena na dawo gida. Sai na koyi kallon fure ta gefen ido, ina karkata kai, mutane na cewa salon gwanaye ne. Wa zan gaya wa? Ba miji, ba ɗa, aikin nan shi ne ni. Gonar ta ƙanena Gerbrand ce, da ya rasu ɗansa Sijmen ya karɓa, shi kuwa dama bakinsa ba ya rabo da zancen wata na'ura mai bin kunyoyi tana tsince masu ciwo. Ran da ya gano halin da nake ciki, ran nan laimata ta shiga sito.

Bara, a tsakiyar Afrilu, wata mai hoto ta zo daga birni da farin takalmi. Wai za a fitar da kan sarki na murnar furanni, kuma gonarmu na cikin biyar da aka zaɓa. Sijmen ya tambaye ni lafiyar gonar jajayen furanni da ke bakin ruwa, na ce jiya na bi ta kunya-kunya, tas take. Matar nan ta yini rub da ciki a taɓo tana ƙyasta hoto. Har na ɗan tausaya wa takalmin.

Daga nan Sijmen ya hana kowa sakat. A shago, a coci, a wurin gyaran tarakta, zancen ke nan, jan fure namu ne, ku jira ku gani. Babu manomin albasa a yankinmu da bai sani ba.

Bana a watan Maris aka aiko masa da nasa kan sarkin kafin su shiga gidan waya. Bai buɗe ambulan ɗin ba, ya ajiye sai lokacin shan kofi na ƙarfe goma. Matarsa Marrit ta toya kek ɗin tuffa, aka kira maƙwabcinmu Wiebe, tsohon da tun muna makaranta yake ja mini kitso. Muka zauna a sito kan akwatunan albasa.

“Sarauniyar laima,” in ji Wiebe, “yau dai kin wanke fuska. Ko ke aka ɗauka a hoton?”

Na ce, “Da kai aka ɗauka, da wasiƙa ba ta isa ko'ina ba, tsohon banza. Ci kek ka yi mana shiru.”

Sijmen ya yage ambulan. Bai ko leƙa ba ya miƙo mini. “Gwaggo, ke za ki fara gani. Idonki ne ya kai mu nan.”

Takarda ce kamar tafin hannu, kan sarki biyar a jere, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba. Na ɗaga, na karkata kai. Launi kawai nake gani, ya cakuɗe kamar an zuba ruwa a fenti. Amma ido shida na kaina, dole in ce wani abu.

“Kai, madalla!” na ce. “Dubi namu. Ja jawur, ko ɗigon tabo babu. Haka ake fure.”

Na miƙa wa Wiebe. Ya sa tabarau yana tauna, sai taunar ta tsaya. Mutumin da ko a jana'iza sai ya yi barkwanci, ga shi shiru. Ya tura wa Sijmen takardar a kan akwati ba tare da ya ɗago ba. Na ji Marrit ta ce “Wayyo,” can ƙasa-ƙasa.

Ba sai an faɗa mini ba. Mai hoton nan ta bi dubban furanni masu lafiya, ta zaɓi wanda ya fi burge ta, mai ratsin rawaya, wanda na wuce ta gefensa da laimata ban gan shi ba. Yanzu zai hau ambulan ya shiga kowane gida a ƙasar nan. 'Yan birni za su ce kai, wannan kyau, manoma kuwa za su ce ashe gonar Sijmen ta kamu. Da mai hoton ta tambaye ni! Ko da yake me zan ce mata, ni da ban gani ba?

“Gwaggo,” in ji Sijmen, “me kika ce yanzu?”

“Zolayarka nake. Ciwo ne, ai ko makaho ya gani.”

Wiebe ya yi wuf. “Haba Sijmen, ba ka san halinta ba? Fure ɗaya ne cikin gona guda. Ni nawa na tsallake a rayuwata? Marrit, ƙaro kofi.”

Tsanar Wiebe ta kama ni nan take. Shekara sittin yana tsokanata ban damu ba, sai yau da ya ji tausayina.

Sijmen bai kula shi ba. Ya shimfiɗa takardar a gabana, ya danne gefenta da yatsa. Yaron nan ni na koya masa bambanta ganye mai lafiya da marar lafiya, ina riƙe da hannunsa.

“To nuna mini shi, Gwaggo. Wanne ne namu?”

“Ni za ka yi wa jarrabawa? A gonar ubana?”

“Nuna mini kawai. In kin nuna, magana ta ƙare, wallahi ba zan sake tayar da ita ba.”

Marrit ta ce, “Sijmen, don Allah bari.” Bai bari ba.

Na sunkuya har hancina ya kusa taɓa takardar. Biyu ne suka fi duhu, na tsakiya da na kusa da shi. Ɗayansu ne ja. Na karkata hagu, na karkata dama, yanzu kam kowa ya gane dalilin karkatar. Na yi addu'ar da ban yi ba ran da likita ya yi mini magana. Na ɗora yatsa a kan na tsakiya.

Wiebe ya cire tabaransa ya shiga goge shi da gefen riga.

Sijmen ya kama yatsana a hankali, kamar na mai jinya, ya ɗaga shi, ya tsallake na kusa, ya sauke a kan na can ƙarshe.

“Tun yaushe?” ya ce.

“Shekara uku.”

Ya saki hannuna. Ya daɗe yana kallon ƙofar sito, inda gonaki suka fara kore.

“Bana ki huta, Gwaggo. In furanni sun buɗe, Marrit za ta zo ta zagaya da ke.”