Daga Ƙugu Zuwa Sama

Ƙarnin kifi ya riga Auta shiga ɗakin da ake tsare su, kuma ya ƙi fita.

A bakin aiki aka kama shi, a ma'ajiyar sanyi inda yake ɗaukar kwalayen kifi. Jami'ai suka tambayi takardun zama a ƙasar, ba shi da su. Yadda suka same shi haka suka kawo shi: kayan aiki ruwan lemo, riga da wando a haɗe, da takalmin roba mai dogon wuya da ke kai masa kusan gwiwa. Ya sha wanke kayan a famfon banɗaki, ya mayar da su jikinsa da danshinsu, don ba shi da na canji. Sabulu ya ƙare, ƙarni na nan.

Ɗakin gadajen ƙarfe ne masu hawa biyu, da taga guda can kusa da rufi. Daga tagar ba a ganin komai sai sama, wani lokaci da cikin jirgi yana wucewa. Duk wanda ke ciki jirgi yake jira.

Da hantsi wani jami'i ya leƙo ta ramin ƙofa ya kira lambarsa, ya ce gobe za a mayar da shi gida.

Wani dattijo da suke kira Kawu ya tashi zaune a kan gadonsa. Wannan ba shi ne karon farko da za a mayar da Kawu ba, saboda haka duk abin da ya shafi jirgi shi ake tambaya, ko ba a tambaya ba ma ya faɗa.

“To yaro, saurara,” in ji shi. “Jirgi sanyi gare shi kamar wurin aikinku. Sa abu mai dogon hannu. Kada ka sa mai matsewa, zama ne mai tsawo. Bel kuwa wahala ce, a ƙofa za su ce ka cire, ka tsaya riƙe da wando kamar wanda aka kama a gonar wani.”

“Kawu, wa kake wa wa'azi?” in ji Direba daga gadon sama. Shi a cikin motar haya aka kama shi, har yanzu wandonsa da sauran karin guga. “Wannan ai ya gama shiri. Yana shiga za su ɗauka gyaran inji ya zo, su miƙa masa sifana.”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Auta bai yi ba. Ya dubi gwiwoyinsa, inda lemon ya koɗe ya koma kalar ƙasa.

Bayan azahar aka fito da su layin waya. Wayar a jikin bangon baranda take, jami'i na tsaye kusa da ita yana kallon agogo. Auta ya buga lambar gida. Yayarsa ce ta ɗauka.

“Yaya, gobe ina tafe.”

“Tafe ina? Nan?” Sai ya ji ta juya tana ƙwala kira. “Inna! Inna, Autanki zai zo!”

Ya shirya maganarsa tun a ɗaki, jimla biyu ce kacal. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ga numfashin Inna a kunnensa, tana haki kamar ta yi gudu.

“Auta? Hutu suka ba ka? Kai, Allah ya yi musu albarka, ashe suna da imani.” Ba ta jira amsa ba. “Ni da kaina zan zo filin jirgin. Ban taɓa zuwa ba, sai dalilinka. Da kawunanka, da maƙwabta, kowa na so ya gani.”

“Inna, ba sai kun wahala ba.”

“Rufe mini baki. Ka sa kwat ɗin nan naka baƙi, na cikin hoto. Yana nan a bango, duk wanda ya shigo sai ya tsaya. Matar mai shago cewa take wai aro ka yi. Ina so ta gani da idonta.”

Jami'i ya ɗaga yatsa. Auta ya ce, “To, Inna.”

Ya roƙi kira na biyu. Jami'in ya dube shi, ya dubi layin da ke bayansa, ya kau da kai. Auta ya buga lambar Mai Walda, wanda shi ne babba a ɗakinsu na haya.

Kwat ɗin na 'yan ɗakin ne gaba ɗaya. A gwanjo suka saye shi, da farar shat da ɗan abin wuya, suka rataye a ƙusa bayan ƙofa cikin leda. Ba mai sa shi zuwa ko'ina. Ranar hutu wanda ke son aika hoto gida sai ya saka, a tafi gaban wani dogon gini mai gilashi, a ɗauka, a dawo a rataye. Hannun ya yi wa wasu tsawo, ya yi wa wasu gajarta. Auta kuwa kamar a jikinsa aka ɗinka, har sukan ce shi ne mai kwat, su 'yan haya ne.

“Kai ne?” Mai Walda ya rage murya. “Daga wayarsu kake kira na? So kake su zo su kwashe mu?”

“Jakata nake so. Gobe za a sa ni a jirgi.”

Mai Walda ya ƙara rage murya.

“Auta, jakarka tana can. Ranar da aka kama ka muka watse, kowa ya suri abin da hannunsa ya kai. Mai gida ya sa kwaɗo. Ba wanda zai koma.”

“Kwat fa?”

“Shi muka fara ɗauka.”

“Ku ba ni.”

“Ba nawa ba ne ni kaɗai. Ɗan Fenti na ɗakinmu matarsa ta haihu, hoto zai aika. Kuma ni in na zo ƙofar nan, tare za mu hau jirgin.”

“Inna za ta zo tarbata,” in ji Auta. “Da mutane.”

Ya ji ƙarar injin walda a can baya, ya ji an kashe shi.

“Matar ogana tana da takardu,” in ji Mai Walda. “Zan roƙe ta. Ban yi alkawari ba.”

Jami'i ya danna wayar, magana ta yanke.

Da ya koma ɗaki ya kwanta yana fuskantar bango. Kawu ya matso ya zauna a bakin gadon, ya yi kamar ba ya jin ƙarnin.

“Ka gaya musu a gida?”

“Sun sani ina tafe.”

“Ba shi na tambaye ka ba.”

Auta bai juyo ba. Kawu ya daɗe yana sosa gemu.

“Ni karon farko da singileti na sauka,” ya ce. “Ba wanda ya zo. Na ji haushi a lokacin. Daga baya na gane gata aka yi mini.”

“Kawu, ka bar yaro ya huta,” in ji Direba. “Kwat za a kawo masa. Gobe sai mun nemi izini kafin mu gaishe shi.”

Ashe Direba ya ji komai a layin waya. A wurin nan ba abin da mutum ke da shi nasa shi kaɗai, har muryar uwarsa.

Gari ya waye, ba saƙo. Aka kawo shayi, aka kwashe kofuna. Duk takun da ya biyo baranda sai Auta ya ɗaga kai, takun ya wuce. Hasken taga ya sauko bango, ya kai kan gadon Direba. Jirgi ya wuce, wani ya bi bayansa.

Da aka buɗe ƙofa, lambarsa aka kira. Kawu ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Direba ya sauko daga gado, abin da bai cika yi ba, ya dafa kafaɗarsa.

“In ka isa ka ci abinci mai zafi saboda ni.”

Ƙofa ta rufu a bayansa. Aka bi da shi wata ƙofa, da wata, har wani ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya. A kan teburin ga wayarsa a mace, ga makullin ɗakin da ba zai sake shiga ba. Gefe kuma ga leda, an naɗe ta da kyau.

“Wata mata ta kawo,” in ji jami'in. “Yi sauri, mota na jira.”

Ya kwance ledar. Kwat ne, an goge shi, har da ƙamshin turaren Mai Walda. Farar shat a ninke. Abin wuya an riga an ɗaure, sai dai a zura kai. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa cikin ledar, ya zura hannu har ƙasa.

“Ba wando?”

Jami'in ya karɓi ledar, ya kife ta, ya girgiza.

Auta ya tsaya. Kwat ɗin bai taɓa yin wando ba. Bai taɓa yin takalmi ba. Duk hotunan daga ƙugu zuwa sama ake ɗaukarsu, wani da gajeren wando a ƙasa, wani da silifas, mai ɗauka yana cewa a matso kaɗan kada ƙafa ta fito. Shi kansa ya sha riƙe wa wasu waya yana faɗin haka. Amma tun jiya da yake hango kansa yana fitowa daga filin jirgi, cikakken mutum yake gani, kamar yadda Inna ke gani a bango.

Ya waiwaya ƙofar da ya fito. Bayanta akwai wandon Direba mai karin guga. Wataƙila da ya ba shi, wataƙila da ya yi dariya.

“Zan iya komawa ciki? Minti ɗaya.”

“Wanda ya fito ba ya komawa.”

Ya zuge saman kayan aikin, ya sauke shi zuwa ƙugu, ya ɗaure hannayen a cikinsa. Ya sa shat, ya zura abin wuya, ya ɗora kwat, ya ɓalla maɓalli ya rufe ƙullin. Jami'in ya dube shi daga sama har ƙasa. Bakinsa ya motsa, sai ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a aljihu.

Ta ƙofar gefe aka shigar da su jirgi, kafin sauran fasinjoji. Mai rakiyarsa wani jami'i ne da ba ya cikin kaki, ya sa tsohuwar rigar sanyi da wandon jins. Ya nuna masa kujerar ƙarshe, jikin taga, shi ya zauna a gefensa ya toshe hanya. Auta ya cusa ƙafafunsa ƙarƙashin kujerar gaba iya yadda za su shiga.

Jirgi ya tashi. Da ya daidaita a sama, Auta ya ga mutane suna sauke ɗan teburin da ke jikin kujera. Ya sauke nasa. Teburin ya zauna daidai kan cinyarsa, ya rufe wandon ruwan lemon.

Ma'aikaciyar jirgi ta iso da keken abinci. Ta dubi mai rigar sanyi, ta dubi mai kwat, ta tsallake na farkon.

“Yallaɓai, shayi ko lemo?”

Ya waiwaya ya ga ko da wani take. Da shi take.

“Shayi,” ya ce.

“Da madara, yallaɓai?”

“Da madara.”

Ta ajiye masa da hannu biyu, sannan ta juya ga mai rakiyar ta tambaye shi a gajarce. Wani mutum mai tabarau a ɗaya ɓangaren ya haɗa ido da Auta, ya ɗan rusunar da kai irin gaisuwar manya. Auta ya mayar masa. Ya gyara abin wuya. Ya sha shayin a hankali, yana ajiye kofin ba ƙara. Da aka zo kwashe kayan abinci ya riƙe kofin, ya ce bai gama ba, ko da yake ba komai a ciki.

Mai rakiyar ya yi barci, bakinsa a buɗe. Ta taga gajimare ne shimfiɗe, fari fat, ba gari ba hanya. A nan ba mai neman takardu, ba mai jiransa. Ya ji da za a bar jirgin ya yi ta tafiya haka, da bai ce a tsaya ba.

Sai kunnensa ya toshe. Gajimaren ya yage, ƙasa ta bayyana, ja da kore, da rufin gidaje ƙanana kamar an watsa su. Murya ta fito daga sama tana cewa an kusa sauka, kowa ya ɗaura bel, a miƙar da kujeru, a mayar da tebura. Ƙarar maƙalewarsu ta taso daga gaba, layi bayan layi, tana matsowa.

A can ƙasa, wani wuri cikin rufin nan, Inna na tsaye da mutanenta, ta sa idonta a ƙofa.

Ma'aikaciyar ta iso layin ƙarshe. Ta karɓi kofin daga hannunsa, ta ɗan sunkuyo, tana murmushi.

“Yallaɓai, teburin.”

Auta ya ɗora tafukansa biyu a kai. Ta tsaya tana jira, murmushin bai bar fuskarta ba tukuna.