Audugar Kaka

Shekara uku Filiberto Archuleta ya yi yana yaƙi da itacen gishiri a bakin kogi, can ƙasan gonarsa. Yaƙi kuwa na gaske, don wannan la'anannen itace ba ya jin sara. Ka sare ɗaya, kafin shekara ta zagayo ya tofo goma. Ka cinna masa wuta, kamar ka zuba masa taki. Sai dai ka bi saiwar da diga ka tumɓuke ta, ga mutum shekararsa sittin da takwas, gwiwarsa ta hagu kuma ta daɗe da yin murabus.

Ba don gona yake wannan wahala ba. Ubansa Onofre ne ya fara dasa itacen a garinsu Las Palomitas, shekarar da ambaliya ta cinye gaɓa, ma'aikata suka zo da dashe cike da mota suka ce shi zai riƙe ƙasa. Ya riƙe kuwa. Daga nan ya shanye ruwan, ya zubar da gishirinsa a ƙasa, ya kashe kurmin manyan itatuwan alamo da ke inuwantar da kogin tun daga gada har zuwa makabarta. Har yau a garin ba mai cewa itacen gishiri, sai dai itacen Onofre. Duk sanda Filiberto ya ji sunan sai zuciyarsa ta yi baƙi.

Alamo guda ta rage a gefensu, wadda kowa ke kira Kaka. Tsohuwa ce tukuf, cikinta rami, bana reshe ɗaya kaɗai ya yi ganye. Amma da watan Yuni ya kama sai reshen nan ya fashe da auduga, fara sol, kowane sili da ɗan ƙwayar irinsa. Filiberto ya san wannan ce haihuwarta ta ƙarshe. Irin alamo kuwa ba ya tsira sai a kan sabon laka, irin wanda ambaliya ke bari, kuma tun da aka gina madatsar ruwa can sama, kogin ya daina ambaliya. Ya share fili tas, amma busasshe ne ƙayau.

Ya je wurin Cipriano, mai rabon ruwan magudanar gari, wanda suka yi makaranta tare.

"Kompadire, aminina, ka matso min da layina na ruwa. Awa huɗun nan nawa nake so a wannan mako."

"Kai ma ka san ba ni na tsara ba," in ji Cipriano. "Shekarar fari ce, ruwan yana hannun mutanen saman kogi har sati biyu, in ya sauko kuma daga kan magudana ake farawa. Kai ne a wutsiya. Tun kakanni haka ake yi. Barkonon matarka Eufemia ba zai mutu a sati uku ba."

"Ba barkono zan ba ba."

Cipriano ya dube shi sama da ƙasa, ya tuntsire da dariya. "Daji za ka yi wa ban-ruwa? Lallai tsufa ya zo maka ta ka. Matarka ta sani?"

Ba ta sani ba tukuna. Filiberto ya koma ya ɗauki buhunan gari guda biyu, ya yini a gindin Kaka yana tsince audugar da iska ke kaɗowa. A nan Noemi ta same shi, ma'aikaciyar gandun daji da ke zagayowa bakin kogi lokaci-lokaci, yarinya mai ladabi.

"Baba Filiberto, in ajiyewa za ka yi, kar rana ta taɓa shi. Ka sa a kwalba ka rufe, ka jefa cikin firji. Irin alamo ba shi da tsawon rai."

"Firji? Madara ce?" Ya yi murmushi. "'Yata, tun ba a haifi uwarki ba nake ajiye iri. Iri in bai sha rana ba, ruɓewa yake. Masara, wake, barkono, duk haka ubana ya koya min."

"Wannan dabam ne, wallahi."

"Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau tsani ba zai gani ba."

Ta ƙyale shi don girmansa, ko da yake da ta ƙara matsawa da ya fi. Shi kuwa ya hau rufin kwano da gwiwar nan tasa, ya baza audugar, ya danne da ragar kaji don kar iska ta kwashe. Kwana huɗu tana gasuwa a rana. Ya sauke ta ta bushe ƙamas, ya ƙulle bakin buhu yana jin daɗi.

Ranar da layinsa ya zo, Eufemia ta gan shi ya wuce mashigar gonar barkono da shebur a kafaɗa bai buɗe ba. Ta biyo shi da tsumman goge hannu a wuya.

"Tsoho, ina za ka kai min ruwa?"

"Bakin kogi."

"Ka ga ganyen barkonon nan kuwa? Ya langaɓe tun shekaranjiya. Irin uwata ne fa, ba a sayar da shi a kanti. In ya mutu me za mu rataya a bango bana? Audugarka za mu ci da wake?"

"Barkono in ya mutu, 'yar'uwarki tana da iri a Socorro. Kaka in ta mutu wa zan roƙa?"

Ta tsaya tana kallonsa. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ta san abin da ke cinsa. "To ka raba. Biyu-biyu."

"Ba zai isa ba."

"Ubanka ya mutu, Filiberto. Ba ya jin abin da ake faɗa a gari."

"Ni ina ji."

Ya karkatar da ruwan duka. Awa huɗu yana kwarara cikin filin da ya share, har ya zama laka mai sheƙi. Ya cire takalmi ya shiga, yana watsa audugar yana dannawa da tafin hannu. Can tsallaken kogi, inda ba mai sharewa, itacen gishiri ya yi fure ja-ja kamar yadda yake yi duk bazara, iska kuma daga can take busowa ɗauke da irinsa. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Kwana shida filin ya yi kore shar. Filiberto ya shigo gida yana ɗingishi da gudu-gudu, ya ce sun fito, dubbai, ba wurin sa ƙafa. Rabonsa da irin wannan dariya tun auren 'yarsu. A makon ne kuwa barkonon Eufemia ya zubar da fure, ganyen ya koma kamar takarda. Kullum da safe yakan je ya tsuguna yana jiran ganyen alamo mai faɗi ya buɗe. Sati biyu, sati uku. Tsiron yana tsawo, amma sirara ne kamar zare, ganyen ƙanana manne da kara. Ya ce wa kansa ai jariri ba ya kama da ubansa ranar suna. Da ya hango motar Noemi a kan hanya sai ya shige rumbu har ta wuce.

Reshen Kaka na ƙarshe ya bushe a cikin Yuli.

Wata safiya Eufemia ta biyo shi har bakin kogi, karo na farko tun ranar ruwan. Ta duƙa ta cire tsiro ɗaya, ta kakkaɓe ƙasar, ta ɗora a harshe. Sannan ta miƙa masa.

"Na sani," in ji shi.

"Ɗanɗana dai."

Ya ɗanɗana. Gishiri ne. Rana ta kashe irin Kaka tun a kan rufi, itacen Onofre ne ya tsiro.

Cipriano yana wucewa ta kan gaɓa zai duba magudana, ya hango su ya ɗaga hula. "Kompadire! Lambu ya yi kyau! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe!" Sai da ya ga fuskar mutumin sannan ya haɗiye sauran dariyar, ya mayar da hularsa ya yi gaba.

Filiberto ya zauna daɓas a kan ƙasa, ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da Onofre ya dasa da hannunsa bai fi ɗari biyu ba. Wannan kuwa ba ya ƙirguwa, kuma da ruwan barkonon matarsa ya raine shi.

"Tashi mu je," in ji Eufemia. "Rana ta yi."

"Yanzu sunan wa za su sa wa itacen?" in ji shi.

Eufemia ta ɗauki digar da ke jingine a jikin Kaka, ta ji nauyinta, ta mayar inda take.