Saige Ba Ta Riga Mai Ita

A kwamfuta komai daidai yake. Baffa Bubayaro, wani tsohon makiyayi, zai buɗe baki ya kira "Saige", sai jar saniyar nan ta ɗago kai daga cikin garke ta nufo shi. Amma da na juye shirin a kan kaset, sai saniya ta riga juyowa, muryar tsoho ta biyo baya kamar wanda ya makara jam'i.

Ni ce Yagana, mai haɗa bidiyo a wani ɗan shago a unguwar Hausari, cikin Potiskum. Shirin na Kasuwar Shanu ne, gidan talabijin a Damaturu suka ce in kai musu a kaset, don har lokacin ba su yarda da faifai ba. Tsautsayi ya sa Baffa ya leƙo shagon ranar da nake gwaji. Dama dillalai sun daɗe suna yi masa tsiya cewa ƙarya yake, saniya ba ta san suna ba, dusa ta sani. Shi kuma ya gama cika baki a kasuwa cewa za su gani a talabijin.

Ya kalli kaset ɗin, sannan ya ce, "'Yata, in an nuna wannan, cewa za su yi ita ke kirana."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san bakin dillalan Potiskum. Har jikokinsa sai sun sha wannan tsokana.

Na fara da zargin waya, na canza ta. Na zargi kan na'urar, na goge shi. Na duba saurin hoto da na sauti, duk lafiya lau. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne farkon shirin ba matsala, bakin kowa na tafiya da maganarsa, sai an wuce tsakiya abin ke zamewa.

Nan na koma kan taimkod, wato lambobin da ke gudu a jikin kaset kamar agogo. Kafin a juye shiri, sai an bi sabon kaset da baƙin hoto daga farko har ƙarshe don lambobin su shimfiɗu a jere, domin da su na'ura ke gane inda za ta ajiye hoto da inda za ta ajiye murya. Na zuba musu ido, ko ƙiftawa ba na son yi. Can a tsakiya sai na ga sun yi tuntuɓe, sun koma baya kaɗan, sannan suka ci gaba kamar ba su ba.

Mala, abokin aikina, shi ya shimfiɗa lambobin. Da na tambaye shi, sai ya ce ai babu abin da ya faru, sallar azahar kawai ya je. To Mala tun da wuta ta taɓa ƙona masa talabijin, ko alwala zai fita sai ya kashe komai na shagon, har fanka. Da ya dawo ya kunna, ya ɗora daga inda yake tsammani ya tsaya. Na rasa faɗa zan yi ko dariya.

Bayan la'asar muka ɗauko sabon kaset muka sake shimfiɗa lambobin, na zauna a bakin soket kamar mai gadi har ya kai ƙarshe. Na juye shirin. Baffa ya kira, saniya ta juyo. Na mayar baya na sake kallo don daɗi kawai.

Ranar da aka nuna shirin da yamma, teburin mai shayi a bakin kasuwa, inda ake kallon talabijin, ya cika maƙil. Baffa bai gama yarda da na'urata ba, don haka ya zo da Saige, ya ɗaure ta a turke can gefe, ko da za a buƙaci shaida. Dillalai suna ta gyaran murya, tsiya na bakinsu.

Baffa na cikin akwatin talabijin ya kira sunan. Saniyar cikin akwati ta ɗago. Sai kuma muka ji kuka daga bayanmu. Saige ta gaske ta tsinke igiya, ta ratso mutane, ta zo ta tura hancinta a jikin talabijin, har ta zubar wa wani shayinsa.

Baffa bai ko tashi daga benci ba. Ya dubi babban dillalin ya ce, "Alhaji, a cikin akwatin nan akwai dusa ne?"