Farar Takardar Jibirin

Kurmin bagaruwar da ke bakin kogin Dindar shi ya hana ambaliya cinye ƙauyen su Rabi'atu tun zamanin kakanni. Da labari ya zo za a share shi a yi gonar tarakta, maza suka yi ta cika baki a ƙofar masallaci. Kowa jarumi ne muddin ba a ce a je birnin Sinnar wurin hukuma ba. Wa zai shiga ofis babu takardar jinsiyya ta shaidar ɗan ƙasa, a tambaye shi asalinsa?

Rabi'atu ungozoma ce, babu zauren da ke tare ta. Ita ta ce a kai kuka gaban hukuma, kowa ya dangwala yatsa. Jibirin, ɗan wanta, shi kaɗai ke da jinsiyya da Larabcin ofis.

"Gwaggo, ku dangwala bisa farar takarda," in ji shi. "Lauya za shi cika sama. In munka rubuta da namu Larabcin, dariya za su yi muna."

Kwana tara tana bin gidaje da kwalbar tawada. Matan kulle da ba su taɓa sa hannu a komai ba suka miƙo yatsu, don ita ta yanke cibiyar 'ya'yansu. Liman ya shafa fatiha, Jibirin ya hau lori zuwa Sinnar da takardar, Rabi'atu har da guɗa.

Bayan girbin dawa taraktoci suka iso. Rabi'atu ta tsaya a gabansu, mata a bayanta. Jami'in da ya rako su ya sauko yana mamaki, ya zaro takarda ya karanta da Larabci: mutanen gari sun sallama kurmin da yardarsu, wakilinsu Jibirin kuma an yanka masa gona a ciki. Ya juyo da ita su gani. Yatsunsu ne reras, na Rabi'atu a farko.

Jibirin! Yaron da ta goya! Ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, sai aka taɓa ta. Hannatu ce, wadda gidanta ya fi na kowa kusa da kogi, da goyo a bayanta.

"Inna Rabi, ni ban san Jibirin ba," ta ce a hankali. "Ke nib ba yatsana."

Ta juya ta nufi gida, sauran matan suka bi ta.