Hanyar Dona Otília Tsakanin Tebura

Ina rungume da tukunyar iskar numfashi, ina yi wa Élvio masifa ya janye teburinsa in wuce, sai muryar maƙwabciyata Dona Otília ta fito ta taga.

"Dakta Noémia, rage murya. Kina korar masa baƙi."

Tun da na dawo daga jami'a a Lisbon take ce mini Dakta, kuma kowa ya san tsokana ce. Élvio, mai kai abinci a gidan abincin Senhor Rogério, ya ɗaga kujera ɗaya, ya ce in bi a hankali kada in kifar wa Bajamushen can da miya.

Abin da layinmu na tsohon garin Funchal ya koma ke nan. A da gidajen masunta ne. Yanzu an zane ƙofofin da hotunan kifi da furanni, an jera tebura dama da hagu, an bar siririyar hanya a tsakiya. Duk ranar da manyan jiragen ruwa suka tsaya a tasha, 'yan yawon buɗe ido sukan cika layin suna ɗaukar hoto, har da na wankinmu. Maƙwabta sun tashi ɗaya bayan ɗaya, gidajensu sun zama masaukin baƙi, kuma babu wanda ya ce uffan. Wannan shirun ne ya fi ƙona mini rai.

Dona Otília ba ta tashi ba. Ta haura tamanin, huhunta ya gaji, likita ya gaya mata gaskiya, ta yi masa godiya. Ɗanta Gualter yana Venezuela, sai waya. Ni da ke gidan da ke jikin nata nake kai mata iskar da magani.

Ranar ne ta gaya mini abin da ke damunta. Mai motar gawa ya zo, bisa kiranta, ya duba gidan, ya ce idan lokaci ya yi ta ƙofar baya za a fitar da ita, domin akwatin gawa ba zai ratsa tebura ba. Ƙofar baya kuwa lungu ne inda gidajen abinci ke tara shara da ƙayar kifi. Ta ce mijinta Isidro ta ƙofar gaba ya fita, a kafaɗun mutane, har ƙaramin cocin da ke bakin teku, kuma ita ma hanyar da za ta bi ke nan.

Nan take na hau. Na ce zan je majalisar gari, zan kira 'yan jarida, zan tsaya a bakin layi in gaya wa kowane baƙo a kan me yake cin kifinsa. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce in taya ta fito da kujerarta bakin ƙofa, in kuma jawo dogon bencin kicin.

Da safe ne, baƙi ba su fara zuwa ba. Ta kira Élvio da abokin aikinsa Fábio, ta ce su ɗora bencin a kafaɗa kamar akwatin gawa su gangara da shi. Suka kalli juna.

"Maƙwabciya, wannan ai neman magana ne," in ji Élvio.

"Ɗauka kawai. Ni ce za a saka a akwatin, ba kai ba. Kuma na fi bencin nauyi, ka fara cin abinci."

Suka ɗauka suna dariyar da ba ta kai ciki ba. Bencin ya bugi lema, ya ture tukunyar fure, a kwana kuma ya maƙale. Ta sa aka dawo aka sake. Kashegari ma haka. Tana zaune da bututu a hanci, tana nuni da sandarta: wancan teburin ya matsa, wannan ya tsaya, Fábio ya daina tafiya kamar agwagwa. A ƙarshe ta yanke cewa teburan gefen hagu kawai za a kwashe, na dama su zauna.

Na ce mata wannan roƙo ne, alhali layin nata ne tun ba a haifi masu teburan ba. Duka ya kamata a kwashe. Ta ce matar Élvio tana da tsohon ciki, kuma daga teburan nan za a sayi gadon jariri. Hanya take so, ba fili ba.

Saura Senhor Rogério, domin yawancin teburan hagu nasa ne. Ya zo yana murza hannu, ya ce yana girmama ta ƙwarai, amma a ranar jirgi ba zai iya tayar da baƙi suna tsakiyar ci ba.

"Rogério ɗan Belmira," ta ce, "na san ka tun kana yawo ba wando. To, ka duba mini ranar da babu jirgi, sai in mutu a jajibirinta."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya koma shagonsa bai ce e ko a'a ba.

Ba ta samu yadda ta so ba. Ta rasu wata rana da hantsi, ina gyara mata matashin kai, bayan ta yi mini ƙorafin cewa shayin ya yi sanyi. Limamin coci ya sa jana'iza kashegari da tsakar rana, kuma da na leƙa tasha da safe, jirage ne farare sun tare teku.

Kafin lokaci layin ya cika maƙil. Mai motar gawa ya riga ya faka a lungun baya, yana duba agogo. Na tsaya a bakin ƙofar gaba na ce babu inda za a kai ta ta can. Na shirya maganganu masu zafi tun asuba, ina jiran Rogério ya fito in zazzage masa su a gaban baƙinsa.

Ya fito. Ya dubi teburansa, babu ko ɗaya da babu mutane a kai, ya dubi Élvio da ya riga ya ajiye tirensa. Sai ya koma ciki, kiɗan da ke tashi daga shagon ya mutu.

Élvio ya sunkuya wajen teburin farko ya yi wa wata mata magana a hankali. Ta ɗauki farantinta ta miƙe. Haka suka bi gefen hagu, shi da Fábio da sauran, suna jingina tebura da bango. Baƙin suka tsaya riƙe da farantai da kofuna, ba su san me ake ciki ba, har akwatin ya fito. Wani ya ɗaga wayarsa, matarsa ta sauke masa hannu.

Masu kai abinci ne suka ɗauke ta, da fararen rigunansu na aiki. Sun san inda za su rage tafiya, sun san inda lemar take. A kwanar da bencin ya saba maƙalewa, Élvio ya ce, "Hagu, Fábio," akwatin ya wuce, tazarar tafin hannu tsakaninsa da teburin dama. Na bi su a baya, maganganuna suna cikina.

Ba mu kai ƙofar cocin ba na fara jin ƙarar ƙafafun tebura ana mayar da su. Élvio ya miƙa ta ga mutanen coci, ya yi alamar gicciye, ya juya da sauri. Na bi shi da kallo yana haurawa, yana karkaɗe kafaɗarsa ta dama, inda gefen akwatin ya bar masa layi a farar riga.